Igiya mai tufka uku da bagaruwar mahaifina

Ya Edita, assalamu alaikum.

Ina neman ɗan fili a jaridarku in yi magana a kan aikina, wanda har yau na kasa yi wa mahaifina bayaninsa. Shi majemi ne ɗan majemi a nan Damagaram. Ni kuwa lakkol ta ɗauke ni tun ina ƙarami, na yi Yamai, na ƙetare, na dawo da digirin dokta, yau shekara 11 ina koyarwa ina bincike. In aka tambaye shi me ɗansa yake yi, sai ya ce, "Mushe ne, amma na manya," wato malamin makaranta. In ni aka tambaya, sai in ce ina nazarin yadda jami'a da masana'antu da gwamnati suke haɗa hannu su fito da sabon abu mai amfani. Mai tambaya yakan gyaɗa kai, ya sauya magana.

Fannin yana da iyayensa. Wani Ba'amurke masanin zamantakewa, Henry Etzkowitz, da abokin aikinsa Loet Leydesdorff na jami'ar Amsterdam, su suka raɗa masa suna wajen 1995, sunan da ni nake kira igiya mai tufka uku. Abin da suke nufi shi ne ilimi da jari da hukuma in kowanne ya tsaya shi kaɗai zare ne, sai an tufke su suke ɗaukar kaya. Etzkowitz ya ƙarar da shekarunsa yana bin diddigin yadda jami'o'i irin su MIT da Stanford suka haifi kamfanoni, da yadda dokar da Amurka ta yi a 1980 ta bar wa jami'o'i mallakar abin da suka ƙirƙiro da kuɗin gwamnati. Tun kafin su ma, a 1968, Jorge Sábato na Ajantina ya zana wannan magana da kusurwa uku. Duk na haddace, har ina yi wa ɗalibai jarrabawa a kai. Gwaggona da ta ji ina bayani wata rana ta ce, "Yo ai murhu kake faɗi." Ban yi mata gardama ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne dutse na biyu na murhun, wato masana'antu. Da zarar an ce masana'anta a Zinder, bakin kowa sai ya tafi ga matatar man fetur ta SORAZ, wadda aka buɗe a 2011, mai iya tace ganga 20,000 a rana. Ba na raina ta. Amma ka zaga kasuwar Dole da safe ka ga waɗanda ke riƙe da garin: majema, dukawa, maƙera, masu walda, matan da ke matsar man gyaɗa suna toya ƙuli-ƙuli, masu gyaran kabu-kabu. Su ne masana'antunmu. Littattafan da na karanta ba su san da su ba, ni ma da na dawo sai na yi kamar ban san da su ba.

Ga yadda aka yi na gane kurena. Shekarata ta biyu da dawowa na ɗauki takardar tambayoyi, wadda na juyo daga wata da aka tsara don kamfanonin Turai, na nufi majemar da na girma a cikinta, sanye da takalmi sau ciki. Baba yana tsugune bakin rami yana jujjuya fatun awaki cikin ruwan bagaruwa, hannunsa ya rine har gwiwa. Na karanta tambaya ta huɗu: "Shin kuna da sashen bincike da ƙirƙira?" Abokan aikinsa suka fashe da dariya, har wani ya ajiye wuƙar kankarar gashi don ya dara da kyau. Baba bai yi dariya ba. Ya ɗebo bagaruwa daga buhu biyu, ya ɓare ta farko ya ɗanɗana ya tofar, ya yi wa ta biyu haka nan. Ya ce, "Wannan ta bara ce, wannan ta bana. Kwano ɗaya nake zubawa, amma fata ba ta fitowa iri ɗaya. Wata ta yi laushi, wata ta yi ƙarfi kamar kirgi, ɗan kasuwa ya zo ya zaɓe ya karya mana kuɗi. In bokonka ya san abin da ke cikin bagaruwa, gaya mini nawa zan zuba."

Ya Edita, a duk tambayoyi 40 da ke hannuna babu wadda ta kama ƙafar wannan. Kuma tana da amsa. Abin da ke jeme fata a cikin bagaruwa sinadari ne da ake iya aunawa, duk wani malamin kimiyyar sinadarai ya san hanyar. Na ƙulle samfurin biyu a leda, na samu wani abokina masanin fannin, muka rubuta neman ɗan tallafin sayen kayan awo zuwa wani ofishi da ya yi shelar taimaka wa haɗin gwiwar jami'a da masu sana'a. Bayan wata bakwai amsa ta zo: a kawo lambar haraji da takardar rajistar kamfanin da za a yi aikin tare da shi. Majemar da ta girmi kakana ba ta da ko ɗaya. Magana ta mutu a nan.

Kada in ɗora wa wasu laifi in wanke kaina. Ƙarin girman malamin jami'a da yawan maƙalun da ya buga a mujallun masana ake samunsa, ba da yawan fatun da suka yi laushi ba. Don haka na zauna na rubuta maƙala da Faransanci a kan dalilan da suka hana majema amfana da bincike. Ta shiga, aka yaba, ta taimaka mini na hau mataki. Ledar bagaruwar kuwa tana cikin aljihun teburina. Wannan abu yana damuna fiye da yadda nake nunawa a taro.

Masu cewa abin ba ya yiwuwa a ƙasa irin tamu, su dubi buhun adana wake na PICS. Masana na jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fara gwada shi a arewacin Kamaru, daga baya masu binciken INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, ciki har da Ibrahim Baoua na Maradi, suka yi aiki tuƙuru a kansa a nan gida. Dabarar ba ta da wuya: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, a ɗaure kowanne daban, iska ta ƙare wa ƙwarin su mutu ba tare da an zuba magani ba. Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya biyo baya daga 2007. An samu masana'antar da za ta buga buhunan, aka samu 'yan kasuwar da za su kai su kasuwannin ƙauye, malaman gona suka bi gari gari ana ɗaure wake a gaban jama'a, bayan watanni a dawo a kwance a gaban jama'ar. Gani ya kori ji. Yau a Mirya ko Matamaye manomiya tana iya ajiye wakenta har farashi ya tashi, ba ta taɓa jin sunan Etzkowitz ba, ba ta kuma yi asarar komai ba.

Kafin wannan ma muna da namu. Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin makamashin rana na ONERSOL tun daga 1969, kuma bai tsaya ga alli da allo ba, an ƙera na'urorin ɗumama ruwa da hasken rana a ƙarƙashinsa. Muna yawan ambatonsa a jawabi, kwaikwayonsa ne ya yi mana nauyi.

Roƙona ga masu tsara tallafi shi ne su karɓi ƙungiyar masu sana'a da sa hannun sarkin sana'arsu a matsayin abokiyar aiki, ko da ba ta da lambar haraji. Ga 'yan uwana malamai kuma, tunda tun 2010 garin nan yake da jami'arsa, wadda yanzu ake kira da sunan André Salifou, me zai hana ɗalibin da zai rubuta kundin kammala karatu ya fara yin mako biyu a rumfar maƙeri ko gidan mai ƙuli-ƙuli, ya dawo da tambayarsu maimakon tamu? Ku ma 'yan jarida kuna da rawar takawa. Ku ware ɗan gurbi duk mako inda mai sana'a zai kawo matsalarsa da Hausa, masani ya amsa masa da Hausa, da sunansa, kowa na gani.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je gaishe da Baba bayan masallaci. Ya tsufa, ƙanena ne ke shiga rami yanzu. Muna cikin shan fura ya dube ni ya ce, "Mushe, ina labarin bagaruwata?" Na ce ana nan ana dubawa. Ya ce, "To, shekara tara kenan, ai ta sha iska. Ka zo ka ɗebi sabuwa." Na ɗebo. Abokin nawa masanin sinadarai ya yarda mu haɗa jika hamsin-hamsin daga aljihunmu mu sayo kayan awon daga Kano, ranar Alhamis direban zai iso da su.

Naku,
Wani malami mai bincike,
Unguwar Birni, Zinder