A bar ɗalibai su taɓa kwamfuta kafin ranar jarrabawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin hukumomin ilimi da iyaye kan yadda ake koyar da darasin kwamfuta a makarantun gwamnati da yawa a jihohinmu na Arewa.

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta ajiye takarda da fensir, ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta, kuma a 2024 hukumar WAEC ita ma ta fara bin wannan hanya da ɗalibai masu zaman kansu. Duk da haka, har gobe da alli ake koyar da darasin. Yaro zai haddace sunan Charles Babbage, wanda ake kira uban kwamfuta, ya zana abakus, wato abin ƙirga na zamanin da, a littafinsa, ya jero zangunan kwamfuta biyar babu gargada, alhali hannunsa bai taɓa sauka kan madannai ba. Na ga wata ɗaliba wadda ba a kai mata a lissafi, da aka zaunar da ita gaban na'urar sai ta ɗaga linzamin kwamfutar, wato maus, daga kan tebur tana kaɗa shi a iska, tana mamakin abin da ya hana kibiyar motsi.

A jarrabawar JAMB tambayoyi 180 ake amsawa cikin awa biyu, don haka duk mintin da ya tafi wajen kokawa da na'ura maki ne ya zube. Abin takaicin shi ne, JAMB ta sauƙaƙa lamarin yadda ko linzamin ba dole ba ne: A zuwa D na zaɓen amsa, N na zuwa gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki. Yammaci guda ya isa a koya wa aji wannan, in dai akwai abin dannawa.

Kuma jarrabawa ba ita kaɗai ce bukata ba. Ya kamata ɗalibi ya san cewa kwamfuta tana da ma'adana iri biyu: ta wucin gadi da ake kira RAM, wadda take kamar tabarmar da ake shanya a kai, da ta dindindin wadda take matsayin rumbu. Wanda ya gane wannan ba sai an gaya masa dalilin da rubutunsa yake ɓacewa in aka ɗauke wuta bai adana ba. Ya san yadda ake sa wa fayil suna a ajiye shi cikin folda, ya kuma san cewa megabait 1,024 ne gigabait ɗaya, tunda da kuɗinsa yake sayen data. Wanda ya fi damuna shi ne batun sirri. Tun 2021 sai da lambar NIN ake rajistar JAMB, amma za ka tarar ɗalibi ya bar wa mai shagon intanet imel ɗinsa da kalmar sirrinsa, wani ma da layin wayar wani ya yi rajista, sai lokacin duba sakamako ido ya raina fata.

Na san za a ce babu wuta, babu kayan aiki, kuma gaskiya ne a wurare da dama. Sai dai akwai makarantun da aka kai wa kwamfutoci, suna nan kulle a ɗaki ƙura ta lulluɓe su, saboda ana tsoron kada yara su lalata. Inda babu su kuwa, wayar Android da ke aljihun malami kwamfuta ce cikakkiya, za a iya nuna fayil da manhaja da ma'adana a kanta.

Roƙona ga ma'aikatun ilimi na jihohi shi ne a buɗe waɗannan ɗakuna, a haɗa musu sola, a sa kowane aji ya shiga sau ɗaya a mako tun daga ƙaramar sakandare, sannan a ware rabin makin darasin ga abin da ɗalibi ya iya yi da hannunsa a gaban malami.

Naka,
Wani malamin sakandare, daga Zariya