A daina rushe tsofaffin gidajen Jos, a ba matasa su yi sana'a a ciki

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da ƙoƙari. Dan Allah ina neman ɗan fili a jaridarmu in yi magana kan tsofaffin gidajen Jos da ake ta rushewa ana jera shaguna a wurinsu, abin yana damuna wallahi.

Kowa ya san kuza ce ta raya garin nan. Tun farkon shekarun 1900 Turawa suka fara haƙarta, kakanninmu suka taho daga Kano da Zazzau da Bauchi da Borno wasu lebura wasu fatauci, kamfanonin haƙar kuza irin su ATMN suka gina kwatas a Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi, gidajen dutse masu murhun jin ɗumi a falo saboda sanyin Filato, a cikin gari kuma wajen Gangare da Dilimi attajiran da suka gina nasu masu zaure da faɗin tsakar gida. Yanzu da zarar mai gida ya rasu sai magada su sa gidan a kasuwa, kafin ka ankara katafila ta shigo.

To amma akwai wani gida a unguwarmu da magadan suka yi abin da ya burge ni. Babbar yayarsu ce ta tsaya kai da fata ta ce gidan babanta ba za a rushe shi tana raye ba, a ba da haya dai kowa ya karɓi rabonsa. Matasan unguwa suka haɗa kuɗi aka canza kwanon da ke yoyo aka sa sola da intanet, bangon kuwa ba a taɓa shi ba, kaurinsa ya kai kamu ɗaya, da rana tsaka in ka shiga ɗakin sanyi ƙalau ba ka neman fanka. Zauren yanzu teloli ne a ciki da kekunansu, ɗakin marigayin masu tace bidiyo ne da kwamfutocinsu, har akwatin ƙarfensa na nan a lungu sun ɗora firinta a kai. Ɓangaren mata akwai masu lalle da saƙa da wata mai koya wa 'yan mata zane a kwamfuta, da yamma kuma a tsakar gida ake wa yara lesin. Kowa na biyan ɗan abin da ya sawwaƙa a wata, kuma duk wanda ya san kuɗin hayar shago da man janareta yanzu ya san ba ƙaramin sauƙi ba ne wannan.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne tun rikicin 2001 da na 2008 garin nan ya rabu, akwai yaranmu da aka haifa suka girma ba su taɓa zama da Kirista sun yi hira ba, su ma can haka. A gidan nan na ga yaro Kirista daga unguwar Tudun Wada yana zuwa kullum aikin bidiyo da yaranmu, lokacin sallah ya yi su bar masa kwamfuta ya ci gaba, su dawo su ci abinci kwano ɗaya. Aiki ne ya haɗa su, ba wani taron zaman lafiya a otal ba.

Kuma fa Jos garin fim ne, hedikwatar hukumar fina-finai ta ƙasa tana nan da makarantarta, ga kwalejin talabijin ta NTA a Rayfield, yara na gama karatu da basira a hannu amma babu wurin zama babu wuta. A Kano an adana Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa inda Baturen mulkin mallaka Hanns Vischer ya zauna, har yau ana amfani da su. Mu kuma gidan tarihinmu tun 1952 yake, a gefensa an gina kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Zariya don kar a manta, amma namu na ainihi muna kallo suna tafiya, wannan abin takaici ne.

Ban ce a danne haƙƙin magada ba, gado hukuncin Allah ne kuma da yawa talauci ne ke sa su sayarwa. Roƙona ga masu hali cikinmu shi ne in irin wannan gida ya fito kasuwa su saya su yi waƙafi da shi, ko su kama haya ta shekaru su ba matasa. Gwamnatin Filato da masu unguwanni kuma su zagaya su rubuta gidajen da suka rage tukuna. Malam Edita in da hali ka turo wakilinka ya zo ya ɗauki hotunansu kafin damina, don wasu rufinsu ba zai kai baɗi ba.

Naka mai karatu,
daga Jos ta Arewa