Godiya ga Ofishin Kula da Tsofaffin Gine-ginen Hongcun

Zuwa ga shugaba da ma'aikatan ofishin da ke kula da ƙauyen Hongcun, gundumar Yixian, lardin Anhui na ƙasar Sin.

Bayan gaisuwa mai yawa, mu magina ne da kafintoci, mun rubuto ne mu yaba muku a bainar jama'a kan yadda kuke riƙe da wannan ƙauye na gindin tsaunin Huangshan, wanda zuri'ar Wang ta kafa a 1131, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan tarihin duniya tare da ƙauyen Xidi a 2000.

Babban abokin gabar gidajenku danshi ne. Gidan gargajiya na Huizhou, wato tsohon sunan wannan yanki, katako ne ke ɗauke da shi, ginshiƙai da azara da aka sassaƙa suka shiga juna, bangon bulo kuwa sutura ce kawai. Fale-falen yumɓu guda ya zame a rufi, ruwan Yuni da Yuli sai ya bi azara ya sauka cikin ginshiƙi, ya ruɓar da shi, gara ta ƙarasa. Shi ya sa muka jinjina muku da kuka bar kowane ginshiƙi a kan dutsensa, ba a binne gindinsa a daɓe ba, kuka kuma tsaya kan farar ƙasa wajen shafe. Farar ƙasa tana barin bango ya bushe, siminti kuwa kulle ruwa yake yi a ciki. Wanda ya taɓa ganin an yaɓe katangar laka da siminti ta ɓare bayan damina ya san zancen.

Katangun nan masu hawa-hawa, da ake kira "kan doki" saboda siffarsu, baƙo yakan ɗauka ado ne, alhali gobara suke tarewa tsakanin maƙwabta. Haka buɗaɗɗen rufin tsakar gida: haske da iska yake shigarwa, ruwan sama ya zuba a magudanar dutse. A gidan Chengzhi, ginin wani attajirin gishiri na wajen 1855, ana ganin wannan sarai. Magudanan da ke bi ta ƙofar gidaje zuwa kududdufin Wata da tafkin Kudu da aka haƙa a 1607 ma har yau suna gudu, kuma yashe su da ake yi ne ya kawo haka.

Ga masu niyyar zuwa: jirgin ƙasa mai sauri daga birnin Hangzhou yana tsayawa a tashar Huangshan ta Arewa, daga nan a shiga mota. A isa da sassafe kafin cunkoso, a guji hutun farkon Oktoba, a sa takalmi mai riƙe ƙasa, don duwatsun lungunan santsi gare su idan an yi ruwa.

Allah Ya ƙara muku basira. Mun gode.

Naku,
Wasu magina da kafintoci