A Riƙa Ambaton Masu Narka Gilashi Su Yi Duwatsun Ado

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu rubuta shafukan ado da kwalliya kan wani abu da ake yawan tsallakewa. Idan aka buga hoton sarƙa ko awarwaro ko 'yan kunne na duwatsun gilashi, akan faɗi sunan mai sayarwa, wani lokaci har da mai ɗaukar hoto, amma da wuya a ji an ambaci wanda ya zauna gaban wuta ya yi duwatsun ɗaya bayan ɗaya, alhali shi ne ya yi aikin da ido ke sha'awa.

Mai wannan sana'a yakan ɗauki siririn tsinken ƙarfe ya tsoma bakinsa cikin wani kwaɓi mai kama da ruwan yumɓu, ya bari ya bushe, domin kada gilashi ya manne wa ƙarfen. Daga nan sai ya riƙe sandar gilashi mai launi a hannu ɗaya, ya kara ta a harshen wuta har ta yi laushi ta fara zuba kamar zuma, ya naɗa ta a jikin tsinken da yake juyawa da ɗayan hannun ba tsayawa, gama da zarar hannu ya yi sanyi, nauyin gilashin zai ja shi ƙasa dutsen ya karkace. Ɗigo-ɗigo da zane da furannin da ake gani duk ana ɗora su ne da zaren gilashi, a cikin wutar. A da fitilar mai ake hurawa da zuga-zugi, yau kuma iskar gas ake haɗawa da oksijin. Launin ma ba fenti ba ne: sinadarin kobalt ke ba da shuɗi, tagulla ke ba da tsanwa ko shuɗi-shuɗi, zinariya kuma ke ba da wani irin ja mai haske, wanda shi ya sa sandarsa ta fi sauran tsada.

Matakin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne wanda mai saye ba ya gani. Gilashi idan ya fito daga wuta, bayansa yana riga cikinsa hucewa, sai ya zama akwai ɗaurewa a ciki wadda ido ba ya kamawa. Gwani yakan sa dutsen cikin tanda mai zafin da ya ɗan haura digiri 500 a ma'aunin Selsiyas, ya bar shi ya jima, sannan a riƙa sauke zafin a hankali na tsawon sa'o'i. Wanda aka bari ya huce a iska kuwa yana iya yin kyau a ranar saye, bayan makonni ya tsage gida biyu ba tare da ya faɗi ba. Saboda haka faɗin cewa da hannu aka yi abu bai wadatar ba, domin da yawa daga cikin masu arahar nan ma hannu ne ya naɗa su, sai dai an yi su cikin gaggawa an tsallake tanda. Mai saye yana iya duba bakin hudar: idan yana da kaifi zai yanke zare, idan kuma an bar farin garin kwaɓin nan a ciki, to ba a wanke dutsen ba. Batun tanda kuwa sai an tambayi mai yi, kuma ba a tambayar wanda ba a san sunansa ba.

Sana'ar tana da asali mai tsawo. A shekarar 1291 hukumomin birnin Benis na ƙasar Italiya suka mayar da tandunan gilashi tsibirin Murano don gudun gobara, kuma daga can duwatsun ado suka bazu zuwa kasuwannin duniya, har da Afirka ta Yamma. A 2020 hukumar UNESCO ta sa fasahar duwatsun gilashi ta Italiya da Faransa cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam. Masaga na Bida, waɗanda ke narka kwalabe a murhun ƙasa su naɗa a sandar ƙarfe, hanyarsu ta bambanta da ta masu harshen wuta, amma juya hannun iri ɗaya ne, kuma a 2021 Bida ta shiga jerin biranen UNESCO na sana'o'in hannu.

Roƙona ga jaridu shi ne su riƙa rubuta sunan mai yin duwatsu a ƙarƙashin hoto kamar yadda suke rubuta na mai ɗinki, masu sayarwa kuma su riƙa faɗin gaskiyar inda kayansu suka fito da ko an sa su a tanda. Idan hali ya yi, a aika wakili ya zauna da ɗaya daga cikin masu sana'ar daga kunna wuta har buɗe tanda washegari, ya kawo wa masu karatu rahoton abin da ya gani.

Na gode.

Naka,
Mai karanta jaridarku