Wasiƙa zuwa ga Iyaye: Abin da Yaranmu Suka Koya game da Teku

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara. Muna fatan kuna lafiya, ya sanyi?

Wasunku sun tambaya me ya kai yaran Anjamena karatun teku, alhali da yawansu kogin Chari kaɗai suka sani. To, dalilin yana cikin hazon nan da ya rufe gari.

A wannan zangon ɗaliban ajin kimiyya sun karanci fitofilanton, wasu ƙananan tsirrai dangin gansakuka da ke yawo a ruwan teku, ido ba ya ganinsu. Kusan rabin iskar oksijin da tsirrai ke samarwa a duniya daga gare su take. Haske suke bukata, shi ya sa ba sa wuce kimanin mita 200 daga saman ruwa. Sai dai abincinsu a ƙasa yake taruwa. A tekunan ƙasashe masu zafi ruwan sama mai ɗumi ba ya gauraya da mai sanyi na ƙasa, don haka sukan fi yawa wajen zurfin mita 100, inda ɗan haske ya haɗu da abinci. A arewacin tekun Atilantika kuwa, guguwar hunturu ce ke dama ruwan ta ɗago abincin sama. Da rana ta fara tsawo a watan Maris da Afrilu sai su yaɗu, har tauraron ɗan Adam ya hango ruwan ya yi kore.

Inda yaran suka fi natsuwa shi ne batun Bodele, a arewacin ƙasarmu. Wurin a da ƙasan babban tafkin Chadi ne, ƙurarsa kuma cike take da ɓawon irin waɗannan tsirrai da suka mutu tun dubban shekaru. Iskar hunturu na kwasarta ta zama hazon nan da muke gani, ta kai ta har Atilantika, sinadarin ƙarfe da fosfaras da ke cikinta su zama taki ga na teku. A ganinmu bai kamata yaron Chadi ya gama makaranta bai san wannan ba.

Ranar Asabar da safe za su nuna muku ɗigon ruwan kududdufi a madubin ƙara girma. Iyayen da suka fito daga Kanem, don Allah a taimaka mana da ɗan dihe, wato busasshiyar gansakukar tafki da ake miya da ita, domin shi ma danginsu ne. A riƙa sa wa yara rigar sanyi da abin rufe hanci, tari ya yi yawa a azuzuwa.

Mun gode.
Shugaban makaranta