Kafin a gina kwamin kifi, a lissafa buhun abinci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu fili mu yi magana da matasan Maradi masu sha'awar kiwon tarwaɗa. Kasuwa akwai ta, amma yawancin masu farawa kuɗin gini da na ƴaƴan kifi kawai suke lissafawa. Wata na uku aljihu ya bushe, a koma watsa wa kifi dussa da guntun tuwo, girma ya tsaya.

Ga lissafin. Kwami mai tsawon mita 3, faɗi 2, zurfin ruwa mita 1 ya ishi tarwaɗa 300 ga mai koyo. Kowane kilo na kifi yana cin kilo ɗaya da ɗoriya na abinci mai kyau. Ke nan kafin su kai kilo guda-guda, cikin wata 5 zuwa 6, za su lashe buhu 20 zuwa 24 mai kilo 15. Wanda kuɗinsa bai kai nan ba, ya zuba kifi 100. Ana farawa da abinci mai ƙwayar milimita 2, a hau 3, 4, har 6 yadda bakinsu ke buɗewa. Safe da yamma ake ba su, hannu-hannu, da sun rage wawaso a tsaya. Abin da ya nutse ruɓewa yake, shi ke ɓata ruwa.

Sabon siminti dafi ne ga kifi. A cika kwamin, a bar shi kwana 14 ana sauya ruwa ana goge bango. Ruwan famfo kuma sai ya kwana biyu a buɗe maganinsa ya fita. A ɗauko ƴaƴan kifi da asuba, kada a juye su kai tsaye: a ɗora jarkar bisa ruwan kwami rabin awa zafinsu ya daidaita, kuma ranar ba a ba su abinci.

Sai tankaɗe, wato ware manya daga ƙanana, wanda ake yawan yi wa ƙyuya. Tarwaɗa na cin ɗan'uwanta. Duk sati biyu a ware waɗanda suka yi wa saura zarra, in ba haka ba mutum ya zuba 300 ya kwashe 180 yana zargin almajiran unguwa. Don haka kwami biyu ake so tun farko, ko da na biyun na tamfol ne.

Zafin Afrilu da Mayu na garin nan sai da rumfar zana. In ka ga kifi sun tsaya a miƙe, gashin baki a saman ruwa, ga wari, a sauya rabin ruwan nan take, a hana su abinci ranar. Da sanyin Disamba kuwa cinsu ke raguwa, sai a bari rana ta ɗaga. Ruwan da aka zubar taki ne, a ja shi da tiyo zuwa gindin zogale.

Mai saye kuma tun wata na huɗu ake nemansa, wajen masu gashi da mata masu banda, don kifin da ya isa sayarwa kullum ci yake daga ribarka.

Daga wasu masu kiwon tarwaɗa,
Maradi