Hutun Iyali a Tsibiri Lokacin Kaka: A Binciki Dalilin Arha Kafin a Biya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi magana da magidanta masu niyyar kai iyalansu hutu wani tsibiri tsakanin Satumba da Nuwamba. Sana'armu shirya wa mutane tafiya ce, kuma abin da ke damun mu shi ne yadda ake tallata waɗannan watanni da sunan arha kawai, ba tare da an gaya wa mai iyali abin da ya jawo arhar ba. Farashi yana sauka a kaka, wannan gaskiya ne. Amma a wani tsibirin yana sauka ne don 'yan makaranta sun koma aji baƙi sun ragu, a wani kuwa don guguwa da ruwan sama ne suka kori mutane. Na farko riba ce ga mai ƙaramin ƙarfi. Na biyu shi ne irin wanda ake cewa arha ba ta ado.

Tsibiran Bahar Rum, irin su Kirit da Rodos na Girka, da Malta, da Saifurus, su ne misalin arha mai amfani. Teku ba ya saurin hucewa kamar ƙasa, don haka ruwan da ya sha rana tun watan Yuni yana nan da ɗuminsa, wajen digiri 23 zuwa 25, har cikin Oktoba. Zafin Agusta mai galabaitar da ƙananan yara ya wuce, iskar arewa mai ƙarfi da ke kaɗawa a tekun Girka a Yuli da Agusta ta fara lafawa. Sai dai damar ba ta da faɗi: daga tsakiyar Satumba ne zuwa wajen mako na uku na Oktoba. Bayan nan otal-otal da yawa a tsibiran Girka suna rufewa sai baɗi, jiragen sama masu zuwa kai tsaye suna tsayawa, jiragen ruwa suna rage zirga-zirga. A Lahadin ƙarshe ta Oktoba ƙasashen Turai suna mayar da agogo baya da awa ɗaya, sai ka ga rana ta faɗi tsakanin ƙarfe biyar da biyar da rabi, yara sun rasa wasan yamma. Akwai kuma wani tarko a cikin Oktoban kansa. Makarantun Ingila suna hutun mako guda a ƙarshen watan, jihohin Jamus ma kowacce da nata hutun kaka, kuma a waɗannan makonni kuɗin jirgi da na masauki suna sake hawa. Wanda ya ja tafiyarsa gaba ko baya da kwana bakwai kacal zai ga bambancin da idonsa.

Tsibiran Karibiyan labarinsu daban. Lokacin mahaukaciyar guguwa a tekun Atlantika yana farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, kuma ya fi tsanani a kusa da 10 ga Satumba. Shi ya sa otal ɗin da ke tsada a Janairu yake karya farashi a Satumba. Ba kowace shekara guguwa ke faɗa wa kowane tsibiri ba, amma mai tafiya da yara ba ya caca da wannan. In dole sai can, Aruba da Curaçao da Bonaire suna kudu da hanyar da guguwar ta saba bi. A sayi inshora ranar da aka sayi tikiti, domin galibin kamfanoni ba sa biyan asarar guguwar da aka riga aka raɗa wa suna kafin mutum ya sayi inshorar. Phuket ta Tailan da tsibiran Maldibs su ma damina ce a wurinsu har cikin Oktoba, teku kuma yana yawan tashi. Zanzibar tana bushe a Satumba da farkon Oktoba, daga nan ƙaramar daminarta ta kankama zuwa Disamba. Morishus tana kudancin duniya, watannin nan a can yanayi ne mai kyau kafin lokacin guguwarta ya shigo daga Nuwamba. Tsibiran Kanari kuwa, irin su Tenerife da Gran Canaria, ba su da lokacin rufewa, saboda haka ragin nasu kaɗan ne, kuma daga Nuwamba masu gudun sanyin Turai suke fara cika su.

Bayan an zaɓi wata da tsibiri, lissafi na gaba shi ne na ƙofa zuwa ƙofa, ba na tikitin jirgi kaɗai ba. A nan ne muke ba masu iyali shawarar da ba kowa ke son ji ba: ku zaɓi babban tsibiri mai filin jirgin sama nasa, ku bar ƙaramin nan mai kyau a hoto. Kowane canjin abin hawa kuɗi ne a ninka da yawan kawuna. Iyali mai mutum biyar da zai sauka babban birni, ya hau tasi zuwa tashar ruwa, ya biya jirgin fito, ya sake hawa mota a wancan gefen, sau biyu zai yi wannan, zuwa da dawowa. Sannan tikitin jirgin sama da na jirgin ruwa ba su san juna ba. In iska ta hana jirgin ruwa tashi ranar komawa, kamfanin jirgin sama ba ruwansa, sai dai a sayi sabbin tikiti biyar a farashin ranar. Maganin wannan shi ne a bar ƙaramin tsibirin kwana ɗaya kafin ranar tashi, a kwana kusa da filin jirgi. Ƙananan jiragen ruwa masu gudu su ake fara dakatarwa in teku ya tashi, su ne kuma suka fi sa yara amai. Babban jirgi mai ɗaukar motoci ya fi jinkiri amma ya fi arha da tabbas. Gajeren fito ba matsala ba ne: Malta zuwa Gozo minti 25 ne, Darussalam zuwa Zanzibar kamar awa biyu. Daga Piraeus, tashar jiragen ruwa ta birnin Atina, zuwa Kirit kuwa tafiyar dare ce ta wajen awa tara, wadda in an kama ɗaki a cikin jirgin takan maye gurbin kwanan otal ɗaya.

Game da jirgin sama, yaron da bai kai shekara biyu ba a cinya ake riƙe shi, kuɗinsa kaɗan ne. Da ya cika biyu sai an saya masa kujera, kuma ana duba shekarunsa a ranar kowace tafiya, don haka wanda zai cika biyu a tsakiyar hutu yana buƙatar kujera a dawowa. Kamfanonin jirgi masu rahusa suna nuna farashin kujera tsirara. Jaka, da zaɓen wurin zama don uwa ta kasance kusa da 'ya'yanta, duk a kansu ake ƙarawa. A bi matakan saye har shafin ƙarshe kafin a kwatanta da wani kamfani. Mutum biyar ba sa buƙatar jaka biyar. Jaka biyu masu kilo 23 sun isa mako guda matuƙar masaukin yana da injin wanki. Tashi ranar Talata ko Laraba yakan fi na ƙarshen mako sauƙi. Jirgin ƙarfe shida na safe kuma a yi masa lissafin tasin tsakar dare kafin a kira shi mai arha.

Inda kuɗi ke zurarewa ba a sani ba shi ne abinci. Mutum biyar, sau uku a rana, kwana bakwai, faranti 105 ke nan. Ko a tsibiri mai sauƙin rayuwa, faranti 105 a gidan abinci na iya kamo kuɗin masauki. Saboda haka masauki mai kicin ya fi ɗakin otal ga iyali, balle ma yawancin ɗakunan otal mutum uku ko huɗu suka yarda da su, na biyar sai an kama ɗaki na biyu. A yi karin kumallo da abincin dare a gida, a ci na rana a waje lokacin da gidajen abinci da dama suke da rahusa. Ranar isowa a je babban kanti na cikin gari inda mazauna tsibirin ke sayayya, a yi cefanen kwana uku zuwa huɗu. Ƙananan kantunan bakin teku na baƙi ne, farashinsu ma na baƙi. A tuna kusan komai a jirgi ake kawo shi tsibiri, don haka madarar jarirai da magungunan da yaro ya saba da su a taho da su. Otal mai haɗa kwana da ci a farashi ɗaya yana da amfani ne kawai inda babu kanti kusa, kamar tsibiran Maldibs da otal ɗaya ya mamaye. Ko a can, tun 2009 aka ba mazauna izinin buɗe ƙananan masaukai a tsibiran da jama'a ke zaune, kuma sun fi manyan otal sauƙi nesa ba kusa ba.

Kafin a biya ko sisi, a rubuta wa mai masauki tambayoyi, a ajiye amsarsa a rubuce. Wurin ninkaya yana buɗe a ranakun da za a zo, kuma ana ɗumama ruwansa? Wannan tambaya tana da muhimmanci, domin a Oktoba ƙaramin wurin ninkaya yana yin sanyi da dare ya fi teku sanyi, yara su ƙi shiga. Kuɗin shara da na jingina nawa ne, yaushe ake mayar da na jinginar? Lantarki yana cikin farashi ko mita ake karantawa? Minti nawa ne a ƙafa zuwa kanti da tashar bas, kuma hanyar tudu ce ko matakala, ga mai tura keken jariri? Harajin baƙi ma a tambaya, don sau da yawa a hannu ake biyan sa ranar isowa. A Mallorca da sauran tsibiran Baliyarik na Sifaniya yara 'yan ƙasa da shekara 16 ba sa biya, kuma harajin yana sauka sosai daga 1 ga Nuwamba. Duk mai masaukin da ya ce a bar shafin da aka gan shi a tura kuɗi kai tsaye asusunsa don a sami ragi, a rabu da shi.

Takardu su ya kamata a fara da su, ko da yake mutane su suke bari ƙarshe. Jerin da muke bi shi ne fasfo, sai masaukin da ake iya sokewa kyauta, sai biza, sannan tikitin da ba a mayar da kuɗinsa. Wanda ya juya jerin, aka hana shi biza, ya yi asarar komai. Malta da tsibiran Girka da na Sifaniya suna ƙarƙashin bizar Shengen, wato bizar bai ɗaya ta ƙasashen Turai da dama: ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, ana buƙatar inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, fasfo kuma ya kasance da sauran aƙalla wata uku bayan ranar fita. Saifurus tana cikin Tarayyar Turai amma tsarin shigarta nata ne, a duba shi daban. Fasfon yara a ƙasashe da dama ya fi na manya gajeren wa'adi, shi ne ke ƙarewa ba a lura ba. In uwa ko uba ɗaya ne zai yi tafiya da yaran, a riƙe takardar amincewar ɗayan da takardun haihuwa. Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta tun 1 ga Oktoba 2024, ko da mutum yana da wata. Akwai zazzaɓin cizon sauro a can, don haka a ga likita makonni kafin tafiya, a kuma tambayi ko ana neman katin rigakafin shawara daga ƙasar da aka taso.

Hayar mota ta mako guda ba dole ba ce. A zauna inda ake zuwa teku da kanti a ƙafa, a ɗauki mota kwana biyu don zagaya tsibiri. Kamfanin zai riƙe kuɗin jingina a kati, galibi katin bashi mai sunan direba yake so, kujerar yaro kuma kullum ake caji. A ɗauki hoton motar ta kowane gefe kafin a tashi. A Malta da Saifurus da Morishus hannun hagu ake tuƙi. Wajen biya da kati, in na'ura ta tambaya, a zaɓi kuɗin ƙasar da ake ciki, domin canjin da na'urar ke yi da kanta ya fi na banki tsada. A ware kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na kasafin kada a taɓa shi, na kwanan da ba a shirya ba ne ko asibiti.

Abu na ƙarshe, Edita, ya fi kuɗi nauyi a wurinmu. A bakin teku da yawa masu aikin ceto suna tashi da ƙarewar lokacin baƙi, a daidai sa'ad da igiyar ruwa ke ƙara ƙarfi. A tambaya ko suna nan, a yi wanka tsakanin tutocinsu kawai, jar tuta kuwa ma'anarta kada kowa ya shiga. Akwai ruwan da ke ja daga gaɓa zuwa cikin teku, yakan yi kama da wuri mai lumana tsakanin raƙuman ruwa, shi ya sa yake yaudarar iyaye. Wanda ruwan ya ja, kada ya yi kokawa da shi ya nufi gaɓa kai tsaye. Ya yi iyo a gefe, daidai da tsawon gaɓar, har ya fita daga cikinsa, in ya gaji ya kwanta a kan ruwa ya ɗaga hannu. Balan-balan ɗin hannu ba rigar ceto ba ce, katifar iska kuma iska na iya tura ta nesa cikin 'yan mintuna. Yaron da bai iya ruwa ba, babba ɗaya ya tsaya kusa da shi inda hannu zai kai, ba tare da waya a hannunsa ba.

Mun gode da filin da ka ba mu. Wassalam.

Daga wasu masu karatunka,
ma'aikatan shirya tafiye-tafiye.